Na taya akwala riyal 4,000, gareji ya fashe da dariya

Shekarata ta bakwai ke nan ina aikin wayarin mota a sana'iyyar Jidda, wato unguwar gareji-gareji, kafin nan kuma na yi shekara 11 a hannun maigidana a Kano. Saboda haka in dai zancen mota ne, ba na ɗaukar kaina baƙo. Wannan ji-da-kan ne ya kai ni ya baro, ranar wata Alhamis bayan la'asar.

An sauke mana wata ƴar mota daga bayan saɗaha, sunan da suke kiran motar da ke goya mota a nan. Ƙofa biyu, kujera biyu, ga dogon hanci kamar na kada, fentinta ruwan goro ya ɗan koɗe a rufi. Datsun 240Z ce ƙirar 1972. Mai ita wani dattijon Balarabe ne, ya biyo ta cikin sabuwar Lexus, yana fitowa ya tsaya a kanta kamar wanda ya kawo ɗiyarsa asibiti. Ƙorafinsa bai taka kara ya karya ba: fitilun gaba suna ɗaukewa, wani lokaci kuma yana jin ƙaurin roba. Na ɗaga bonet. Silinda shida a jere, kabireta biyu, babu kwamfuta, wayoyi sun bushe sun yi tauri kamar tsinken tsintsiya. Na leƙa ciki, ko esi babu, rediyon ma irin mai allurar nan ne da ake murɗawa.

Har ga Allah tausayinsa na ji. Da guntun Larabcina na ce, "Ya ammi, me zai sa ka yi ta zuba kuɗi a kan wannan? Ka kai ta tashlih a kwance ta. In kuma ba ka son wahala, ni zan ba ka riyal 4,000 in riƙa zuwa aiki da ita." Tashlih shi ne Fantekarsu, can ake kai mota in ta mutu a yi watandar kayanta.

Garejin ya yi tsit. Sai wani ɗan Yaman da muke aiki tare ya tuntsire da dariya har da zama a kan taya, sauran suka kama. Dattijon bai yi dariya ba, bai ma dube ni ba. Sai ya juya wurin mai gareji ya ce, "Wannan daga ina?" Aka ce Najeriya. Ya gyaɗa kai kamar an warware masa komai. Sannan ya hango filaya a hannuna, ya miƙo hannu ya karɓe ta ya ajiye can kan benci, ya ce kada a yanke masa waya ko ɗaya. Shekara 18 ina wannan sana'a, ba a taɓa raba ni da filaya a gaban jama'a ba sai ranar. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Akwai wani dattijo mai fenti a maƙwabtanmu, Bahaushe haifaffen Makka, kakanninsa da ƙafa suka taho ta Sudan. Baba muke ce masa. Shi ya jawo ni gefe.

"Ɗana, kai kuwa me ya kai ka? Motar nan bara a gabana aka taya ta riyal 150,000, ya ce albarka."

"Baba, wannan akwalar?"

"Rufe bakinka. Bodinta wakala ne."

Wato fentin da ke jikinta shi ne wanda ta fito da shi daga kamfani. Ya ciro wata ƴar na'ura kamar ƙaramar waya ya ɗora a ƙofa, ya ɗora a bonet, ya ɗora a rufi, lambobi suna fitowa kusan iri ɗaya. Kaurin fenti take aunawa. Duk inda aka taɓa yin faci aka bi da fenti, lambar sai ta yi sama ta tona asiri. Koɗewar da na gani na raina, ita ce shaidar da masu saye suke nema. A ma'ajiyar gaba kuma akwai littafin motar, da takardun sabis tun na zamanin da ake rubutawa da hannu, an jera su cikin leda.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, waya na riƙe ina ta tone-tone, rabi don son sani, rabi don neman wanda zai ce ina da gaskiya. Ban samu ba. Kamfanin Nissan ya fito da motar a ƙarshen 1969, a Amurka ana sayar da ita wajen dala 3,500, kuma an ƙera sama da 150,000. Ba motar sarakuna ba ce, ta ma'aikaci ce mai son gudu da ba shi da kuɗin Porsche. Amma a Janairun 2020 an yi gwanjon wata ƙirar 1971, wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce mil 21,000 da ɗoriya ba, aka saye ta dala 310,000. Na buga lissafi da riyal, ya haura miliyan ɗaya. Na ajiye wayar na yi salati.

Da farko na ɗauka tsufa ne kawai yake kawo daraja, har na fara ƙirga tsofaffin motocin da na sani a gida. Da na ƙara bibiya sai na ga ba haka abin yake ba. Ferrari 250 GTO guda 36 aka yi, a 2018 aka sayar da ɗaya sama da dala miliyan 48. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun ranar haihuwarta ba ta da yawa. Motar da aka buga dubun dubata kuwa, sai ƴan'uwanta sun ƙare tukuna. Tsatsa ta ci wasu, samari sun kifar da wasu a wasan tafhiɗ, wato wasan ganganci da mota, kanikawa irina sun yanyanka wasu, har a wayi gari mai lafiya da kayanta na asali ta zama sai an tona. Sannan sai a samu masu so. Yaron da ya liƙa hoton mota a bangon ɗakinsa yana ɗan shekara 15, in ya kai 50 ya yi kuɗi, ita zai nema ko nawa ce. Abin da ya ɗaga Toyota Supra ke nan, samfurin da aka yi daga 1993 zuwa 2002: fim ɗin tseren motoci da wasannin kwamfuta sun cusa ta a zukatan yara, yaran suka girma. Doka ma tana da hannu. Amurka ba ta yarda a shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba sai ta cika shekara 25, shi ya sa duk lokacin da wani samfurin Nissan Skyline ya kusa cika shekarun, sai farashinsa ya tashi tun daga Japan.

Waɗanda ba a ba da labarinsu sun fi yawa. Mazda MX-5 ta fito a 1989, zuwa 2016 an ƙera miliyan ɗaya. Mota ce mai daɗin tuƙi, amma yawancinsu kuɗin tsohuwar mota kawai suke yi. Corvette ɗin da aka yi daga 1984 zuwa 1996 ta haura 350,000, kuma ga su nan a Haraj, shafinsu na saye da sayarwa a intanet, wata ba ta kai kuɗin Camry ta hannu ba. Ita kanta 240Z, in ba irin waccan da aka killace kamar amarya ba, lissafinta ba ya burge ni. Dala 3,500 ta 1970 ta fi ƙarfin dala 25,000 ta yau. To wanda ya riƙe mota shekara 50 ya sayar dala 40,000, bayan ya biya wurin ajiya da inshora da batir da tayoyin da ke tsagewa a tsaye, nawa ya ci? A 1970 oza ɗin zinare wajen dala 36 yake, yanzu ya wuce 2,000 da nisa. Hajiyoyinmu da ke cika shagunan gwal na Balad, tsohon garin Jidda, sun fi mai motar iya jari, ko da ba su taɓa jin sunan Datsun ba.

Ga shi kuma Jidda ba garin ajiye ƙarfe ba ne. Iskar teku da laima suna cin bodi ta ƙasa, rana tana fasa dashbod, ga ambaliyar Nuwamban 2009 da ta kwashe motoci kamar kwalaye. Har yau in an ce mota ta sha ruwa, mai saye juyawa yake yi. Shi dattijon nan ɗaki guda ya ware mata da esi. Ni kuwa mu huɗu ne a ɗakinmu, esin ma sai an buga masa tafi yake tashi. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da dariyar.

Amma in faɗi gaskiya, akwai abin da suka fi mu, kuma shi ne ya sa irin wannan mota take rayuwa a nan. Robar ƙofar motar 1972 za ka yi oda ta waya daga Japan ko Amurka, ta iso har ƙofar gareji, sai dai harajin kashi 15 cikin 100 da aka ɗora tun 2020 ya ɗan cije ka. Ba a sabunta istimara, wato takardar mota, sai an kai ta fahas an duba birki da fitilu da hayaƙi. Sauya sunan mai mota ta Absher, manhajar gwamnati, ake yi, ba a biyo ka da rasit ɗin da aka rubuta a bayan kwalin sigari. Ba wai babu macuta ba. Dillalansu, shariɗiyya, sun iya rantsuwa fiye da namu, kuma in sun ji harshenka na baƙo sai farashi ya sake kama. Sai dai mai saye yana da inda zai kai mota a auna masa ita kafin ya biya.

Mu fa? Kwance nake ina tuna Fijo 504 ɗin mahaifinmu, haɗin Kaduna, fara sol, kujerunta har da leda. Da ya rasu aka sa ta haya tsakanin Kano da Zariya. Aka sauya mata inji, aka yi mata fenti sau biyu a gindin dalbejiya ƙura na sauka a kai, hannun ƙofa ya karye aka ɗaura igiya, ƙarshe ƴan gwangwan suka ɗora ta a sikeli. Littafinta kuwa, ina jin da shi aka kunna risho. Kuma ba zan ɗora wa kowa laifi in tsame kaina ba. Mota tana shigowa daga Kwatano, abin da muke fara yi mata shi ne cire tamostat, a haɗa fanka dairek, a sauke indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, a sayar. Fis ya ƙone, maimakon a nemi dalili sai a naɗa masa waya. Da hannuna na yi wannan ya fi a ƙirga, ana kuma yaba mini wai ina da saurin aiki. Duk da haka, wallahi wani lokaci in na gaji da ƙamshin sabbin motocin nan da kwamfuta ke faɗa maka ciwonsu, sai in ji ina kewar garejinmu, mai shayi a gefe, ana musun ƙwallo, maigida yana gane ciwon inji da kunne kawai.

Kuskurena shi ne da na ba yayana labarin ta waya. Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "To ai shi ke nan, ka samo mana irinta guda biyu a turo, mu kulle a gida. Ni ma Hondar da na saya a 2015 na sayar da ita ninki uku."

Na ce, "Yaya, ba motar ce ta yi daraja ba, naira ce ta faɗi. Lokacin da ka saya dala ba ta kai naira 200 a banki ba, a 2024 ta haura 1,500. Mayar da kuɗin dala ka gani ko riba ka ci." A nan riyal yana kan 3.75 a dala tun 1986, shi ya sa faɗuwar mota ba ta ɓuya, kowa yana ganin tana zubewa shekara bayan shekara. Na tambaye shi wa zai saya a Kano, mota mai kujera biyu da ba ta ɗaukar buhu, cikinta kuma yana gugar ƙasa a kowane kwalbati. Na tambaye shi wane bakanike zai bari ta kwana a hannunsa bai taɓa mata waya ba. Ya yi shiru, can ya ce Saudiyya ta sa na fara raina gida.

Motar dattijon kwana uku ta yi a hannuna, don duk dariyar da aka yi, ni kaɗai ne a layin na taso da irin wannan wayarin. Ciwon yana akwatin fis: wutar fitilu ta cikinsa take bi kai tsaye, ƙarafunan da ke riƙe fis sun yi tsatsa, zafi ya fara narka robar. A Kano minti 20 ya ishe ni, in yanke in tsallake akwatin. A nan sai da na zare kowane ƙarfe na goge shi da samfefa mai laushi, na matse, na mayar, na wanke makunnin fitila na jikin sitiyari, duk ba tare da na yanke ko silin waya ba. Dattijon ya zo ya kunna, fitilu suka kama tar. Ya sa hanci ya shinshina, ya zagaya ta sau biyu. Sannan ya ɗauko filayata daga kan bencin ya miƙo mini da kansa, ya ce in shiga in zauna in ji kujerar. Na zauna, na riƙe sitiyari, siriri kamar na tsohuwar Fijo. Makullin dai yana aljihunsa.