Kajin Brahma da akurkin da na sayo ma yara daga Yamai: abin da ya yi da wanda bai yi ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu yawan tambayata kan kajin nan masu gashi har ƙafa da ke gidanmu, ga amsa gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa. A taƙaice kajin sun yi, akurkin bai yi ba, shi ko mai sayarwa sai in ce rabi da rabi.

Ni nan Tahoua nike, kuma tun farko ba kasuwanci ya sa ni ba, yara ne sunka dame ni da son abin kiwo, maigida ya ce kare dai ba a gidanshi ba, mussa ko ni ce ba ni so don shiga madafa. Sai munka tsaya kan kaji. Wani yaro ne a Yamai ke tallar su ta WhatsApp, komi a haɗe: 'yan tsaki 6 'yan kamar wata guda, akurkin ƙarfe da giriyaji (ragar waya), mazubin ruwa na roba, mazubin abinci, da ɗan buhun abinci kilo 5. Ba zan faɗi sunanshi ba don ba ɓata mai kasuwa na zo yi ba, kuma masu irin wannan tallar yanzu sun yi yawa, kayan nasu kusan iri ɗaya ne.

A kar ya ɗoro su, 'yan tsakin cikin kwali mai huji, akurkin a bisa. Tafiyar Yamai zuwa Tahoua ta wuce kilomita 500, ta Dosso da Dutsi da Ƙonni, ni har na fidda rai amma wallahi duka shidda sunka iso da ransu, ya sa masu yankakken kokombur a kwalin don ƙishirwa, wannan dabarar ta burge ni. Lokacin sanyi ne, ya kira ni ya ce Hajiya don Allah kada ki ba su abinci nan take, ruwa da ɗan sukari tukuna su huce. A nan dai ya san aikinshi.

Su kajin kansu ba ni da abin cewa. Brahma a Amurka anka fidda irinta daga manyan kajin da anka kai can daga Shangai ta ƙasar Sin, kuma girmanta ba wasa ba, zakara ya kan kai kilo 5, macen ta kusa 4. Amma ba girman ya sa nike son su ba, sanyin hali ne. Kazar gida in yaro ya nufo ta sai ta watse ta haye katanga ta faɗa gidan maƙwabta a fara aike, waɗannan ko nauyi bai barin su tashi, tafiya suke a hankali cikin tsakar gida. Autana mai shekara huɗu ɗaukar guda yake kamar jinjiri ya zauna da ita bisa tabarma tana lumshe ido yana ba ta tsaki a tafin hannu, ya sa mata suna Mai Safa saboda gashin ƙafar. Babbar ɗiyata kuma in ta taso lakkol kafin ta cire jakka sai ta leƙa ta ƙirga su. Salula ma ta ragu a hannunsu, wannan kaɗai ya biya ni wani abu. Sai dai na kafa doka, wanda ya taɓa kaza ya wanke hannu da sabuni kafin ya sa a tuwo, kuma ba a sumbatar su, don kashin kaji na ɗauke da ƙwayar cuta mai sa zawo da masassara ko da kazar lafiyarta lau.

To akurkin. A hoto ya yi kyau, an shafa mai fenti kore, har da 'yar ƙofa mai sakata. Amma wanda ya ƙera shi ina jin bai taɓa kwana nan Adar, yankin Tahoua, a watan Afrilu ba. Rufin tol ne zalla kuma gajere, tsakanin kan kaza da tol ɗin bai fi taƙi biyu ba. Da sanyi ba mu ga komi ba, zafi na shigowa, ranakun da ake wuce digiri 40, sai na tarar da su da azahar baki buɗe suna haki, fukafukai a sake, ba su ko kallon abinci. Kaza ba ta zufa, ta haki da ta tukku da lallaɓan wuya take fidda zafi, ita ko Brahma tukkunta ɗan ƙarami ne ga gashi ya yi mata yawa har yatsu, kenan ita ta fi kowa wahala da bazara. Wannan bayanin ya kamata ya fito daga bakin mai sayarwa tun kafin a tura kuɗɗi, bai faɗa ba. Da na yi mai magana cewa ya yi ai Hajiya a Yamai ma zafi ake. Eh ana yi, amma ba a tura kaza ƙarƙashin tol a ce ta yi haƙuri.

Abin da munka yi, maigida ya ja akurkin zuwa gindin bedi, anka ɗora zana biyu bisa rufin, da rana ina jiƙa buhun gara in rataya ta gefen da iska ke shigowa, ruwan shansu kuma na bar na robar nan da ke zafi kamar an dafa na koma kasko, ina zuba masu daga randa safe da azahar da la'asar. Abinci da sassafe da marece kawai. Da haka sunka ƙetare bazara ba mu rasa ko guda ba.

Ba rufin kaɗai ba. Giriyajin idonshi manya ne, kusu na shiga da dare ya ci abinci ya fita abinshi, sai da munka ƙara mai ƙaramin ido daga ƙasa. Daɓen ma giriyaji ne, wai don kashi ya zube, ga kaza mai nauyi wannan ciwon ƙafa ne, mun shimfiɗa katako munka zuba yashi da ƙaiƙayi. Girman kuma, na 'yan tsaki 6 ne ba na manyan Brahma 6 ba, wata uku sunka cika shi. Yanzu wurin kwana ne kawai, yini a waje suke. Kuɗɗin gyaran da munka kashe da an ba mai walda na unguwa da ya yi muna sabo daidai gidanmu, kuma shi ne shawarata, ku sayi kajin ku bar akurkin.

Sai maganar rigakafi, nan ne na fi jin haushi. Ya ce an yi masu duka, na ce wanne da wanne, wace rana, shiru, ba takarda ba komi. Na tafi ofishin masu kula da dabbobi na nan garin, ma'aikacin ya ce tunda ba shaida a ɗauka ba a yi ba. Babbar matsalar ita ce Newcastle, ciwon nan da ke share kajin unguwa lokacin hunturu, kaza ta yi zugum tana koren zawo wuya ya murɗe. Ba ya da magani in ya kama, kapso ja da rawaya da barkonon da muke zubawa a ruwa ba su kashe shi, rigakafi ne kawai. Ya yi masu allurar ITA-New, rabin mililita kowace kaza, kwalbar ta kaji 100 ce kuma sai an ajiye ta a sanyi, shi ya sa ya ce in gaya ma maƙwabta a haɗu rana ɗaya a yi. Haka anka yi, gida biyar munka taru ƙofar gidanmu kowa da kajinshi a kwando. Ya ba ni maganin tsutsar ciki da bitamin na zubawa a ruwa, ya kuma ja kunnena, duk kazar da anka sayo kasuwar Lahadi ko anka kawo kyauta daga ƙauye a ware ta sati biyu kafin ta haɗu da sauran. Ya tuna man da murar tsuntsaye da ta ɓulla Magarya a 2006, ya ce in kin ga kaji na mutuwa da yawa lokaci guda kada a yanka a ci, kada yara su taɓa, a kira mu.

Wani abin dariya, an yi alkawalin mata huɗu zakaru biyu, da sunka girma sai ga zakaru huɗu. Ban ce da gangan ya yi ba don Brahma tana ƙarama da wuya a rabe, amma to kada ka yi alkawali. Zakara huɗu a gida ɗaya faɗa ne da cara tun kafin kiran assalatu, ga mata biyu sun sha wahala. Da surukata ta zo daga Keita maigida ya ce a kama guda a yanka ma Inna, ai kuwa gidan ya kaure da kuka, autan ya rungume zakaran ya shige ƙarƙashin gado da shi. Inna ta yi ta dariya ta ce ikon Allah, yau ga gidan da kaza ta fi baƙo daraja, ku ƙyale mai abinshi. Daga baya biyu munka musanya da kajin gida wurin wata maƙwabciya inda yara ke iya zuwa ganin su. In za ku kiwata don yara ku san da wannan, kazar da anka raɗa ma suna ba ta shiga tukunya cikin sauƙi. Kuma in ƙwai kawai kuke so ba dole sai da zakara ba, kaza na yin ƙwanta ba shi, ƙyanƙyasa ce ba ta yiwuwa.

Ci kam suna ci. Buhun kilo 5 ɗin nan bai je ko'ina ba, kuma abincin kanti kullum ba zai yiwu ba, ina haɗa masu dussa da tsakin hatsi da dawa da dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan garin kifi, ga ganyen zogala da sauran salati, ɓawon ƙwai kuma in gasa in daka in mayar masu. Na ajiye masu tsohon baho da yashi da toka suna birgima saboda ƙwarƙwata, gashin ƙafar nan kuma da damina sai ana dubawa don laka na manne mai. Ƙwai sai da sunka haura wata shidda sannan, ba su da gaggawa, masu neman riba da sauri su nemi wani iri.

Kajin gidan da munka karɓo su ne sunka yi man kwanci, na sa ma guda ƙwan Brahma 8, kwana 21 ta fiddo 6, kuma ta fi kowace na'urar ƙyanƙyasa a garin da kuran, wato lantarki, ke yankewa, ita ke kare su daga shirwa. Waɗannan da anka ƙyanƙyashe nan sai na ga kamar sun fi iyayensu jure rana, ko idona ne oho.

In da maki ake badawa, kaji 9 cikin 10, kawowa 9, akurki 3, bayani da gaskiyar rigakafi 4. Wanda zai saya ya saya da shigowar sanyi, ya nemi 'yan wata biyu zuwa uku da an fara gane mace da namiji, kuma ya ce a rubuto mai sunan allurar da ranar da anka yi kafin ya tura ko dala.