Fankar zuƙe tururi a banɗaki: abin da ta yi mana da abin da ya fi ƙarfinta

Duk wanda ke zaune a irin gidajen yanzu, waɗanda ake cusa banɗaki a cikin ɗakin kwana ba tare da tagar kirki ba, ya san abin da watan Agusta ke yi masa. Silin ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, farin simintin da ke tsakanin tayil ya dafe, tawul ya kwana a rataye bai bushe ba, fenti ya fara kumbura a kusurwa. Haka namu yake a Kaduna. A goge funfunar da bilic, kafin wata ya zagayo ta dawo. Muka saka ƙaramar fankar bango, wadda masu shago ke kira ekstrakta, kuma yanzu ta ga damina ta ga hunturu. Kuɗin bai tafi a banza ba, amma rabin aikin ba a fankar yake ba, yana wajen yadda aka kafa ta.

A shago, mai kayan ya nace sai na ɗauki babba, mai inci 10, irin ta kicin. "Alhaji, wannan ita ce mai ƙarfi, ko hayaƙin suya sai ta kwashe." Ban ɗauka ba, domin lissafin ba shi da wuya. Banɗakinmu tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1.5, daga ƙasa zuwa silin mita 3. In aka ninka, iskar da ke ciki kubik mita 9 ce. Masu wannan sana'a suna son a sauya iskar banɗaki kamar sau 8 a awa, wato ana buƙatar fankar da za ta ja kubik mita 72 a awa. Dokar gini ta Ingila ta sa mafi ƙaranci lita 15 a daƙiƙa, daidai da kubik mita 54 a awa, Amurkawa kuma suna cewa CFM 50, wato kubik ƙafa 50 a minti, kusan kubik mita 85 a awa ke nan. Mai inci 4 da na saya an rubuta kusan 90 a kwalinta, ta wadatar. Babbar za ta yi aiki mana, sai dai ga ƙara, ga ƙaton rami a bango, kuma in akwai esi a ɗaki, sanyin da ka biya kuɗi ka tara shi za ta riƙa zuƙewa tana watsarwa waje.

Inda muka yi ja-in-ja sosai shi ne da mai wayarin. Shi so yake a saka ta a silin, ta riƙa hura iska cikin rufi, tunda a cewarsa haka yake yi wa kowa kuma ba sai an kira birkila ba. Wannan ita ce ɓarnar da na fi gani a gidajen mutane. Tururin bai bar gidan ba, an dai ɓoye shi ne a tsakanin silin da kwano, inda zai taru ya koma ruwa, ya jiƙa katakon rufi, ya ɓata silin ɗin daga sama, kai kuwa ba za ka sani ba sai ranar da tabo ya bayyana. Tamkar wanda ya share ɗaki ne ya tura sharar ƙarƙashin tabarma. Muka fasa bangon da ke kallon waje, can sama kusa da shawa, muka zura gajeren bututu, aka ɗan karkatar da shi ƙasa ta waje don kada ruwan sama ya gangaro ciki. Wanda banɗakinsa ke tsakiyar gida dole ya ja bututu har waje, kuma ya sani kowace kwana da kowane ƙarin tsawo suna rage ƙarfin zuƙar. A irin wannan hali gara mai inci 6.

Sai ƙofa. Fanka ba ta fitar da iska in wata ba ta shigo ta maye gurbinta ba. Ƙofarmu tana shafar tayil, sai kafinta ya rage mata kamar santimita ɗaya da rabi daga ƙasa. Gwajin da na yi mai sauƙi ne: na rufe ƙofa, na kara fallen tishu a fuskar fankar. Kafin a rage ƙofar zamewa yake yi ya faɗi. Bayan an rage, ya manne ɗam.

Abin da na fi yabawa a jikinta shi ne agogon da ke barin ta ta ci gaba da juyawa bayan an kashe fitila. Na saita shi a kan minti 20. Yara ba za su tuna da barin fanka a kunne ba, mu manyan ma haka. Yanzu madubin da hita ke rufewa da tururi yakan washe kafin mutum ya gama shafa mai, bango kuma ba ya kwana da raɓa.

Akwai masu na'urar jin danshi, masu kunna kansu da kansu, sun kuma fi tsada. Ni ban ga amfaninsu a wajenmu ba. Funfuna tana samun sakewa ne in danshin iska ya daɗe sama da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, a tsakiyar damina kuwa iskar waje ma takan haura haka. Sai fankar ta wuni ta kwana tana juyawa, tana neman bushewar da babu ita. A kwali dai a duba alamar IPX4, wadda ke nuna fantsamar ruwa ba za ta shige ta ba, a kuma kula da na gwanjo da ake kawowa daga Amurka: na bolt 120 ne, wutarmu ta 230 ƙona su za ta yi.

Tana da nata aibun. Murfin da ke rufe bakin bututun idan ta tsaya, wanda ke hana sauro da kyankyaso da tsaka shigowa, yana ƙwal-ƙwal da dare in hadari ya taso da iska. Da hunturu kuma ƙura na toshe mata fuska har ƙarfinta ya ragu, sai an kashe wuta an ciro murfin gaba an wanke. A wannan lokacin ma ba don danshi ake kunna ta ba, don wari ne kawai. In an ɗauke wuta ba ta da wani amfani, sai dai abin da take ci bai kai wat 20 ba, don haka muka ɗora ta a layin inbata.

Ba ta kashe funfunar da ta riga ta kama. Sai da muka kankare, muka wanke da bilic, ƙofa a buɗe (kada a kuskura a haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, iskar da ke tashi guba ce), muka bar wurin ya bushe sarai kafin a sake fenti. Silin bai ƙara yin baƙi ba. Amma akwai wani tabo a gindin bangon da ke bayan masai wanda ya ƙi tafiya, fentinsa na ta ɓarewa duk da fankar. Da mai gyaran famfo ya fasa wurin, sai ga mahaɗar bututu tana ɗiga a cikin bango.