Asibitin kuɗin da na je neman haihuwa: likitarsu da allurar fasa ƙwai

Likitar kam ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Ita ta sauya min maganin sa ƙwai ya nuna zuwa Letrozole bayan Clomid ya ƙi karɓata, don zafi yake taso min cikin dare, ta kuma ce fatar mahaifata ta yi siriri da shi. Kwana 5 ake shan ƙwayar, daga rana ta 3 da zuwan al'ada zuwa ta 7, daga nan sai zaryar sikanin ana auna ƙwan. Ranar da ta juyo min da allon, ta ɗora biro a kan wani baƙin da'ira ta ce ya kai milimita 19, wallahi sai da na yi hawaye. Tun da na yi aure ban taɓa sa rai irin na ranar ba.

Abin da aka yi min a ɗakin allura shi ya sa ni rubutun nan.

'Yan uwa mata, allurar nan ta fasa ƙwai, wato hCG, lissafi gare ta. Kusan awa 36 bayan an yi ta ƙwan ke fita, in ya fita kuma ba ya wuce awa 12 zuwa 24 yana jira. Maniyyi ne mai daɗewa, yakan kai kwana 5 a jiki, shi ya sa ake so ma'aurata su kusanci juna tun daren allurar da washegari, ƙwan ya fito ya tarar da shi. Duk wannan sai a wata na gaba na ji daga bakin likitar. Nas ɗin da ta tsira min allurar ranar Litinin da yamma, waya maƙale a kafaɗarta tana hira, cewa kawai ta yi, "Hajiya, sai ku dage ke da Alhaji." Ko tambaya ta ba ta yi ba ko yana gari. Shi kuwa yana Legas sarin kaya, sai Juma'a zai dawo. Da an ce min Laraba da asuba ƙwan zai fita, ko bashi zai ci ya biyo jirgi ya kwana gida ranar Talata.

Abin bai tsaya nan ba. Babu wanda ya gaya min allurar kan fito a tsinken gwajin ciki har wajen kwana 10 ko fiye. Na ga layi biyu, na yi sujada, na kira mahaifiyata muka sha kuka tare. Kwana kaɗan sai ga jini. Allah kaɗai ya san yadda na iya ɗaga waya na sake kiran ta.

Da na koma na amayar da abin da ke cikina, likitar ta ba ni haƙuri sosai, ta rubuta min ranaku da awanni a takarda, ta yafe min kuɗin sikanin ɗaya. Don ita kaɗai zan ce ku je, amma kada ku miƙa jiki a yi allurar sai kun tambayi ƙarfe nawa ake sa ran fitar ƙwan.

Ko da yake in na tuna raina sake ɓaci yake. Wata guda ya tafi a banza, ga kuɗin magani, ga gorin dangin miji, sannan aka wayi gari sun ƙara kuɗin sikanin ba sanarwa. Kuma har yau benci ɗaya suke zaunar da mu da masu awon ciki, kina zaune wata ta juyo da fara'arta ta ce, "Ke watanki nawa?"