Salif Keita biyu ne: mai ƙwallo ya rasu, mai waƙa yana nan

Ɗan'uwanmu na Mabera, ka yi tambaya a zauren nan cewa ka ji an ce Salif Keita ya rasu tun 2023, sai ga shi ka ga bidiyonsa yana waƙa a wajen wani taro, shin ƙarya aka yi ko bidiyon ne tsoho? Babu ƙarya a ciki. Mutum biyu ne 'yan ƙasar Mali, sunansu ɗaya, sunan gidansu ɗaya. Wanda ya rasu a Bamako ranar 2 ga Satumba 2023 ɗan ƙwallo ne, an haife shi a 1946. Mawaƙin kuwa haihuwar 1949 ne, a wani ƙauye da ake kira Djoliba a gefen kogin Neja.

Ba wa da ƙane ba ne. Mu nan Sakkwato mun saba mutum ya ɗauki sunan mahaifinsa ko na garinsu, shi ya sa muke da Shagari da Tambuwal da Wamakko. A ƙasar Mande kuwa, wato yankin su Mali da Gini, Keita sunan zuri'a ne, ana jingina shi ga Sunjata Keita da ya kafa daular Mali wajen 1235, kuma masu shi ba su ƙirguwa a Mali da Gini. Naby Keita da ya buga wa Liverpool ɗan Gini ne. Kada kuma a haɗa da garin Keita na jihar Tawa a Nijar, ko da Sani Kaita namu da aka ba jan kati a wasan Girka a 2010.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda sunan ya zame wa mawaƙin nauyi. A can, kamar yadda yake a gidajen sarautarmu, ɗan sarauta ba ya kiɗa ba ya roƙo, shi ake yi wa. Waƙa gadon maroƙa ce. Ka ɗauka yau wani ɗan gidan sarauta a Kanwuri ya rataya kotso ya shiga bin makaɗa, ka san irin maganar da za ta tashi. Ga shi kuma an haife shi zabiya, mai farar fata da raunin gani, a wurin da ake camfa irinsu. Ya so aikin koyarwa, idanu suka hana. Haka ya bar gida ya shiga Bamako, ya yi ta rera waƙa a kasuwa da wuraren shaƙatawa, har a 1970 ya samu shiga Rail Band, ƙungiyar da ke kiɗa a otal ɗin tashar jirgin ƙasa. A 1973 ya koma Les Ambassadeurs, daga baya suka tsallaka Abidjan. Abin mamaki, wanda aka hana roƙo sai ya shahara da waƙar yabo: Mandjou, ta shugaban Gini Sekou Toure, ita ta fara kai sunansa nesa. Ya koma Faris a 1984, kuma faifansa Soro na 1987 ya buɗe masa kasuwar Turai.

Shi ɗan ƙwallon, nasa tashin daban ne. Tun yana matashi yake buga wa Real Bamako da tawagar Mali. A 1967 ya sauka filin jirgin Orly a Faris bai tarar da kowa yana jiransa ba, sai kawai ya tsayar da tasi ya ce a kai shi Saint-Etienne, tafiyar kusan kilomita 500. Kulob ɗin ya biya kuɗin, kuma bai yi asara ba: sun ci gasar Faransa sau uku a jere, 1968 da 1969 da 1970. A kakar 1970 zuwa 1971 ya zura ƙwallo 42 a gasar, duk da haka bai zo na ɗaya ba, domin Josip Skoblar na Marseille ya ci 44. Shi ne mutum na farko da mujallar France Football ta ba kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, a 1970. Ya wuce Marseille da Valencia da Sporting ta Lisbon, ya ƙare a Amurka. Kofin Afirka ne ya kufce masa, Kongo ta doke Mali 3-2 a wasan ƙarshe na 1972.

In ka ce wa ya fi, ni dai ina ganin duniya ta fi sanin mawaƙin, amma ɗan ƙwallon ne aka fi tauye wa haƙƙi a hirarmu. Shiga kowane gidan kallo a Runjin Sambo, za a yi ta musu kan Drogba da Eto'o da Kanu har a tashi, ba wanda zai ambaci wanda ya share musu hanya. Alhali Seydou Keita na Barcelona, mai kofin zakarun Turai biyu a 2009 da 2011, ɗa ne a wurinsa ta wajen dangi, kuma daga makarantar ƙwallon da ya buɗe a Bamako ya fito. Salif ɗin ya kuma shugabanci hukumar ƙwallon Mali daga 2005.

Gidan mawaƙin ma bai rasa rabonsa a wasanni ba. Ɗiyarsa Nantenin Keita, ita ma zabiya, ta yi wa Faransa gudu, ta ci zinare a tseren mita 400 a gasar masu buƙata ta musamman ta Rio a 2016. Shi kansa ya kafa gidauniyar kare zabiya, domin a wasu ƙasashe har yanzu ana kashe su don tsafi.

Saboda haka in an sake turo maka labarin, duba hoton kafin ka tura wa wani zaure. In farin mutum ne riƙe da makirfo a ƙarƙashin sanarwar rasuwa, mai rubutun ne ya cakuɗa su.