Garejin da ya gano abin da ke cinye ƙarfin BMW ɗina wajen sauya giya

Masu manuwal da ke Kano, musamman masu BMW E46, ga wani gareji da na kai motata can wajen Ƙofar Ruwa, kuma gaskiya na ga ya kamata in faɗi yadda aikinsu yake, mai kyau da mara kyau. Motar 330i ce ta 2002, giya biyar, injin M54 mai silinda shida, wanda a takarda doki 231 ne. Matsalarta ita ce in kana tafiya a hankali lafiya lau, amma da zarar ka take totur ka fizgi giya daga ta ɗaya zuwa ta biyu da sauri sai ka ji motar ta yi sanyi, kamar wani ya riƙo ta ta baya, sai bayan ɗan lokaci ƙarfin ya dawo. Daga ta biyu zuwa ta uku kuma allurar RPM ce ke hayewa sama tana ihu alhali motar ba ta ƙara gudu ba, ga wani ƙauri da ke shigowa ciki.

Duk inda na je kafin nan magana ɗaya ce, kuloci ya ƙare a sauke giyabos. Wani ma ya ce fil famfo ne, wani ya ce fulogi da kwayil, ko kunna motar bai yi ba.

Shi ogan wannan garejin bai taɓa sifana ba sai da ya ce in shiga in tuƙa yana gefe. Muka hau bayfas, ya ce yallaɓai yi irin canjin da kake yi ɗin, na yi, shi kuma idonsa na kan dashbod ba kan titi ba. Sai ya nuna min wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke ƙiftawa daidai lokacin da na saki kuloci a giya ta biyu. DSC ne, na'urar da ke hana mota sulɓewa. Wato tayoyin baya na ɗan sulɓewa, na'urar ta ji, sai ta rage wa injin ƙarfi da kanta don kar motar ta juya, tunda totur ɗin wannan injin na lantarki ne ba waya ba, kwamfuta na iya rufe shi ko ƙafarka na ƙasa. Ya danna maɓallin DSC muka sake gwadawa, wannan sanyin ya ɓace, taya ta yi ƙara kawai ta wuce. Ya ce tayoyina na baya 'yan Beljiyam ne da suka bushe, kuma titinmu ga yashi, kar in ɗora wa na'ura laifi kuma kar in riƙa yawo da ita a kashe cikin gari. Wannan kaɗai ya sa na yarda da shi.

Abu na biyu da ya gano shi ne wanda ban taɓa ji ba, wani ɗan ƙaramin bawul da ake kira CDV, yana kan layin man kuloci dab da silindar da ke jikin giyabos. Ya kwance shi ya ɗora min a tafin hannu, bai kai kan ɗan yatsa ba, a ciki akwai wata 'yar huda da sai ka ɗaga shi sama ka hango haske ta cikinta. Aikinsa shi ne ya rage saurin komawar mai in ka ɗage ƙafa, don kuloci ya kama a hankali kar giyabos da difiranshal su sha duka a hannun wanda bai iya ba. Dabara ce mai kyau ga ɗan koyo, amma in kai mai saurin ƙafa ne to ka riga ka saki feda ka take totur shi kuma faifan bai gama kamawa ba, sai ya riƙa gogawa yana cin kansa, nan ne ƙarfin ke tafiya a banza ya zama zafi da ƙauri. Ya tambaye ni kafin ya cire, ya kuma faɗa min cewa daga yanzu duk fizgar da na yi kai tsaye za ta sauka a kan ƙarafan.

Kulocin ma ya ci, wannan kam masu cewa a sauke giyabos ba su yi ƙarya ba. Gwajin da ya yi mai sauƙi ne, kowa zai iya: ka sa giya ta biyar kana tafiya a hankali ka take totur har ƙasa, in allura ta tashi gudu bai ƙaru ba to faifai na sulɓi. Muka sa sabon kuloci na kamfanin LuK, ni na je na sayo da yaronsa, ogan ya juya kwalin ya duba sosai saboda jabu ya yi yawa a kasuwa. Abin da ya burge ni shi ne ya san irin wannan kulocin mai daidaita kansa ne, sabo yana zuwa da wani ƙarfe a tsakiya da ya kulle shi, ba a cire shi sai an gama ɗaure notina, na ga yaron ya kai hannu zai cire tun a ƙasa ogan ya daka masa tsawa. Fulaiwil ɗin kuma, wato faifan ƙarfen injin da kuloci ke kamawa, mai hawa biyu ne, ya girgiza shi ya ga wasansa bai yi yawa ba ya ce a bar shi, da wani ne da ya rubuta min shi a lissafi. Ya zuba sabon man birki DOT 4 ya fitar da iska, tunda tulu ɗaya kuloci da birki ke sha.

Inda suka gaza kuwa, alƙawari. An ce min jibi, jibin nan ta haihu ta yi jika, kuma in ka kira waya ba a ɗauka sai ka je da ƙafarka. Babu wurin zama sai wani benci a rana. Yaran sun bar min baƙin mai a sitiyari da kan giya da gefen kujera, ko leda ba su shimfiɗa ba, kuma rasit babu, sai da na matsa aka rubuta min a bayan kwali. Kuɗin aikin ma ya fi na sauran garejin da na tambaya, ba ragi ko sisi.

Yanzu fedar tana kamawa wuri ɗaya kullum, abin da ƙafa ta yi shi motar ke yi. Ya ce in lallaɓa ta kamar kilomita 500 kafin in fara fizga, kuma in sauya tayoyin baya tukuna, su nake tara wa kuɗi yanzu. In motarka manuwal ce mai irin wannan ciwon ka kai masa, amma ka tafi da leda ta kujera kuma kar ka kai ta a satin da kake da tafiya.