Kumasi, Alƙahira ko Madina: Ina Kuɗin Fansho Zai Iya Riƙe Dattijo?

Kafin ɗan fanshon Najeriya ya zaɓi ƙasar da zai koma da zama, a fara da lissafin canji. Wanda ke karɓar fanshon naira 200,000 a wata, a farkon 2023 kuɗinsa dala 430 ne da 'yan kai, a farashin gwamnati na wajen naira 460. Da aka saki naira a Yunin 2023, shekara ba ta zagayo ba dala ta haura naira 1,500, fanshon nan ya dawo dala 130 da ɗoriya. Ba a zaftare masa ko kwabo ba, amma fiye da kashi biyu cikin uku ya narke. Fansho da naira ake biyansa, a asusun banki na gida, mai gidan haya kuwa kuɗin ƙasarsa yake jira. Don haka wanda fanshonsa bai wuce wannan ba, sai ya haɗa da wani abu, kuɗin hayar gidan da ya bari a Kano ko Kaduna, ko abin da yara ke aikowa duk wata. Abu uku ne ke cinye kuɗin dattijo a ƙasar waje: takardar zama, asibiti, da haya. Abinci shi ne mafi sauƙi, ko da yake shi mutane ke fara tambaya.

Akwai ƙasashen da ba su cancanci dogon zance ba. Dubai na da bizar masu ritaya, amma tana son ganin gida ko ajiya ta dirhami miliyan ɗaya. Maleshiya, a sharuɗɗanta na 2024, mafi ƙanƙanta cikin manyan matakanta uku ma ajiyar dala 150,000 ne, ga kuma wajabcin sayen gida. Fotugal na son kuɗin shiga da ya kai mafi ƙarancin albashinta, yuro 870 a wata a 2025. Turkiyya ta yi fama da tsadar da ta kai kashi 75 cikin ɗari a Mayun 2024, kuma izinin zama ta hanyar sayen gida ya koma dala 200,000. Sudan, wadda a da ita ce masaukin Bahaushe, yaƙi ya ci ta tun Afrilun 2023. Maraɗi da Damagaram kusa suke, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sai dai sefa a ɗaure take da yuro, jaka ɗaya, wato sefa dubu, da ake saye da ɗaruruwan naira a da ta haura naira dubu biyu, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Madina ita ce burin zuciya, babu dattijon da ba ya son cikawa kusa da Baƙi'a. Sai dai Saudiyya ba ta da bizar ɗan fansho mai ƙaramin ƙarfi. Igamar alfarma, wato izinin zama na musamman, da aka fito da ita a 2019 riyal 800,000 ce ta dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara, riyal kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.75. Hanyar da ta rage ita ce ɗa ko 'ya mai aiki da igama a can ya nema maka bizar ziyarar iyali, a riƙa sabuntawa. Shiga da bizar Umara a maƙale kuwa, ƙarshensa tara, tsarewa da tarhil, wato a maido mutum gida, kuma marar igama ko asibitin kirki ba ya iya zuwa ba tare da fargaba ba.

Alƙahira ce kawai ke iya ja da zaɓina, wato Kumasi ta ƙasar Gana. Jirgin EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye, likitoci sun ƙware, magani ba shi da tsada kamar na Turai, ga ɗaliban Azhar 'yan gida a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir, da za su yi maka tafinta. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, a ƙarin kuɗin Agustan 2024, daga fam 8 ne zuwa 20. Fam ɗin Masar ma ya faɗi a Maris na 2024, daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala, abin da ya ɗan sassauta wa mai riƙe da dala. Wanda ke da cutar da ke son ƙwararren likita duk wata, zuciya ko ƙoda, ya duba Alƙahira da kyau.

Matsalarta takarda. Izinin zama mai kwanciyar hankali a ɗaure yake da dukiya: gidan dala 50,000 shekara ɗaya, na dala 100,000 shekara uku, na dala 200,000 shekara biyar. Wanda ba shi da wannan sai ya riƙa sabunta gajeren izini a ofishin fasfo na Abbasiyya, layi tun asuba, kuma sabuntawar alfarma ce, ba haƙƙi ba. Tun 2023 aka ce wanda ya zauna ba izini zai biya dala 1,000 kafin ya daidaita zamansa. Haya ta yi tashin gwauron zabi bayan kwararar 'yan Sudan, simsari, wato dillali, na karɓar kuɗin wata guda, mai gida na riƙe na wata ɗaya ko biyu a matsayin jingina, yawancin yarjejeniyoyi kuma na ɗauke da ƙarin kashi goma duk shekara. Burodin tallafi da ake ta labari na masu katin rabo ne, baƙo ba ya ciki. Sannan gidajen araha hawa na biyar ne ko na shida a benen da ba lif, ga sanyin Janairu da ke ratsa ƙashi. Mai ciwon gwiwa ya ƙirga matakala kafin ya ƙirga kuɗi.

Kumasi ta fi su ne a wajen da suka gaza. Ɗan Najeriya na shiga Gana ba biza, a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, har kwana 90, da fasfo da katin rigakafin shawara. Wanda zai wuce haka sai ya yi katin shaidar baƙi, wanda a 2024 dala 120 ne a karon farko, dala 60 sabuntawa duk shekara, sannan ya nemi izinin zama a hukumar shige da fice. Katin nan shi ne mabuɗi: da shi ake rajistar layin waya, da shi ake buɗe asusun banki. Kada a ɗaga shi zuwa "wata mai zuwa", domin tarar wuce wa'adi taruwa take yi.

Ga kuma abin da kuɗi ba ya saye. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja Hausawa ke zaune a wannan ƙasa. A unguwannin zangon Kumasi, irin su Aboabo, Asawase, Sawaba da Sabon Zango, da Hausa ake ciniki, da ita ake wa'azi, da ita ake faɗa a bakin famfo. Da safe ga mai koko da ƙosai a bakin masallaci, da rana wake da shinkafa da suke kira wace, da dare tuwon zafi da miyar ayoyo. Hausar tasu ta ɗan sha bamban, ba su cika damuwa da bambanta namiji da mace a magana ba, amma mako guda ya isa kunne ya saba. Dattijon da zai iya gaya wa mai kemis inda ke masa ciwo da bakinsa, ya samu masu zama da shi bayan La'asar, ya tabbata kuma in ta Allah ta kasance akwai jama'ar da za su yi masa sutura, ya rage wa kansa kuɗin tafinta da na kaɗaici.

Asibitin koyarwa na Komfo Anokye na cikin gari. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, a buɗe take ga mazaunin da takardunsa suka cika, tana ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, hawan jini da ciwon suga, amma ba ta ɗaukar dashen gaɓa ko tiyatar zuciya, kuma sau da yawa za a rubuta maka magani a ce ka saya a waje. A ware kuɗin magani daban. Zirga-zirga da torotoro, wato ƙananan bas na haya, ko keke mai ƙafa uku ba ta da tsada, kasuwar Kejetia kuma babu abin da babu. Wanda damshin Kumasi da damunarta biyu ba su karɓe shi ba, Tamale na da yanayi irin na gida, da hunturu da komai, da nata asibitin koyarwa, sai dai ƙarancin ruwan famfo. Akara kuwa a bar wa masu albashin dala.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Sidi, kuɗin Gana, ya yi ƙarfi a 2025, daga wajen 15 a dala zuwa ƙasa da 11 cikin 'yan watanni, wato dala 130 da ke ba da sidi kusan 2,000 ta koma ba da wajen 1,400. Kuma wanda ke shirin buɗe ɗan kanti don rage zafi ya sani cewa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, an sha garƙame shagunan 'yan Najeriya a kan haka. Tsofaffin zango ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba, shi ya sa za ka ji suna cewa takarda ta riga komai.

Haya ce inda ake yanka baƙo. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma masu gida shekara ɗaya ko biyu suke nema, ba su jin kunya. A ɗauka ciki da falo sidi 600 ne a wata: shekara biyu 14,400 ke nan a dunƙule, dillali ya ɗora kashi gomansa, 1,440, ban da kuɗin ganin ɗaki da yake karɓa ko ka kama ko ba ka kama ba. Rabin garatutin wani ke nan a hannun mutumin da bai sani ba. Damfarar da ta fi yawa ita ce a nuna maka ɗaki da mabuɗin aro, mutum uku su biya kuɗin ɗaki ɗaya, dillali ya kashe waya. Kada ka ba dillali kuɗin haya. Mai gida za ka ba, a gidansa, a gaban shaidu biyu daga cikin dattawan unguwa, da yarjejeniya a rubuce da rasit mai ɗauke da lambar katinsa. Tambayi maƙwabta waye mai gidan, domin gidan gado yana da masu shi goma, wanda ya karɓi kuɗinka ƙila ba shi da ikon ko kaza a ciki. Duba mita: in ta haɗaka ce, kai mai fanka ɗaya za ka riƙa biya wa mai firiza. Duba banɗaki, na gida ne ko na unguwa da ake biya a shiga. Dubi gindin bango, in akwai layin danshi kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ruwa na shiga, kuma gidajen da ke bakin rafin Aboabo sun saba da ambaliya. Abin da ya fi shi ne ka je da damuna, ka sauka wajen wani na wata biyu, ka nace a kan shekara ɗaya ko da za a ɗan ƙara maka kuɗi.

Fili kuwa kada a taɓa shi a shekarar farko. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992 bai yarda baƙo ya mallaki ƙasa har abada ba, iyakarsa hayar shekara 50. Duk wanda ya ce zai sayar maka "naka na har jikoki" ƙarya yake, ko kuma zai rubuta da sunan wani ɗan ƙasa, ranar da kuka saɓa ka tashi a tutar babu. Yawancin filayen Asante na sarauta ne, ana sayar da guda ga mutum biyu ko uku, kuma ba a biyan ko sisi sai lauya ya bincika a hukumar filaye.

Masu sayar da takarda su ma suna nan a kowace ƙasa. Akwai mai cewa zai yi maka katin ɗan ƙasa na Gana tunda "kai ma ɗan zango ne", laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Akwai mai igamar Saudiyya ta kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, da ba ka taɓa gani ba, wanda duk ranar da ya ga dama zai kai rahoton ka gudu, ka wayi gari ana nemanka. Akwai mai karɓar fasfo a Alƙahira ya dawo da shi da hatimin jabu, ba za ka gane ba sai a filin jirgi.

Sai kuma gida, inda kuɗin ke fitowa. Kafin tafiya ka je wajen kamfanin da ke kula da fanshonka ka sabunta lambar waya da magaji, ka bar layin Najeriya da ke haɗe da asusunka a raye, domin in ya mutu lambar sirri ba za ta shigo ba, kuɗi na ciki ba ka iya taɓawa. 'Yan tsohon tsari da ke ƙarƙashin PTAD, hukumar tarayya mai biyan fanshonsu, su koyi yin tantancewar "ina raye" ta waya, in an tsallake ta ana iya tsayar da biya, kuma duk wanda ya kira ya ce a tura kuɗi don a fito da bashin fansho ɓarawo ne. Kada a dogara da katin naira a waje, bankuna sun taɓa rufe shi a 2022 ba shiri. 'Yan canjin zango na karɓar naira a asusunsu na Najeriya su tura maka sidi ta waya, hanya ce mai sauri, amma ka fara gwada mutum da naira 20,000, kana tsaye a gabansa har saƙon ya shigo, kuma ko kun shekara kuna hulɗa kada ka tura masa fiye da kuɗin wata guda a lokaci ɗaya.