Kafin Ka Ɗauki Sabon Kocin Hari: Wane Iri Ne Zai Fitar Da Ƙungiya Daga Rami?

A watan Janairun 2024, ƙungiyar Chicago Bears ta gasar ƙwallon Amurka, NFL, ta shiga kasuwa da abin da kowa ke kwaɗayi a hannunta. Ita ce ke da damar zaɓen farko cikin matasan da za su fito daga jami'o'i, kuma kowa ya san Caleb Williams, matashin mai jefa ƙwallo, za ta ɗauka. Abin da ya rage mata shi ne mutumin da zai tsara masa wasa, wato kocin hari. Ta sallami Luke Getsy da ke kan muƙamin, ta yi hira da masu nema da dama, cikinsu har da Kliff Kingsbury da Liam Coen, daga ƙarshe ta zaɓi Shane Waldron. Wasa tara kacal ya yi aka kore shi. Biyun da ta bari kuwa, ɗaya ya kai Washington wasan kusa da na ƙarshe, ɗayan kuma ya zama babban koci a Jacksonville bayan shekara guda. Kaya masu kyau suna kan rumfa a ranar, mai sayen ne bai duba da kyau ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga abin da ake saye. A ƙwallon Amurka ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma, kuma kafin kowane yunƙuri akwai wanda ke zaɓar dabarar da za a yi: jifa ce ko gudu da ƙwallo, ta ina, wa zai tare wa. Wannan mutumin, a yawancin ƙungiyoyi, shi ne kocin hari. Yana magana ta rediyo cikin hular kwatabak, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo ya raba ta. Agogo na ba da daƙiƙa 40, kuma ana yanke rediyon idan saura daƙiƙa 15. Sau sittin da wani abu ake yin haka a kowane wasa, wasa 17 a kaka. Saboda haka ba mai zane a allo kaɗai ake nema ba. Ana neman wanda kansa ba ya ɗaukar zafi a lokacin da filin ya rikice.

Ɗan gidan malami

Kayan da aka fi rububi a kasuwar nan shi ne mataimakin da ya yi zama a gaban Sean McVay na Los Angeles Rams ko Kyle Shanahan na San Francisco. Tun da aka naɗa McVay babban koci a 2017 yana ɗan shekara 30 ya kuma gyara Rams cikin kaka ɗaya, masu ƙungiyoyi suka ɗauka duk wanda ya taɓa riƙe masa jaka ya sha daga tawadarsa. Akwai dalili. Tsarin nasu yana sauƙaƙa wa kwatabak aiki: ana gudu da ƙwallo ta gefe har masu tsaro su saba, sai a yi kamar za a sake, a jefa ta bayansu. Dabaru da yawa suna farawa da kama ɗaya, mai tsaro ba ya gane wacce ce sai ta wuce shi.

To amma Waldron ma ɗan gidan ne. Ya yi shekara huɗu da McVay, ya yi uku yana tsara harin Seattle, inda kwatabak Geno Smith ya farfaɗo a 2022. Takardunsa ba su da aibu. Abin da Chicago ba ta auna ba shi ne bambancin da ke tsakanin tsohon hannu irin Smith, wanda ya daɗe yana karanta tsaron NFL, da yaron da bai taɓa buga wasa ɗaya a gasar ba. Williams yana son riƙe ƙwallo yana neman babban abu, masu tare masa gaba kuma ba su da ƙarfi, tsarin bai rage masa nauyi ba. A ranar 10 ga Nuwamba New England ta kayar da shi ƙasa sau tara, ta ci 19 da 3. Kwana biyu bayan haka aka sallami Waldron. Kafin kaka ta ƙare an kayar da yaron sau 68, fiye da kowane kwatabak a shekarar.

Coen kuwa, daga gida ɗaya ya fito, amma ya je Tampa Bay ya tarar da ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe wajen gudu da ƙwallo a 2023, ya mayar da ita cikin biyar na sama, kwatabak Baker Mayfield kuma ya yi jifa 41 da suka zama ci. Malami ɗaya, almajirai biyu, sakamako kamar gabas da yamma. Shi ya sa idan mai neman aiki ya fara lissafo sunayen waɗanda ya yi wa hidima, a dakatar da shi a tambaye shi abu ɗaya: a can, kai ne ke kiran dabara ko kana tsaye ne a gefe? Nathaniel Hackett ya riƙe muƙamin kocin hari a Green Bay daga 2019 zuwa 2021, shekarun da Aaron Rodgers ya lashe kyautar gwarzon gasa sau biyu, amma babban koci Matt LaFleur ne ke kiran wasa. Da Hackett ya je Denver a matsayin babban koci a 2022 bai ƙarasa kakar ba, a New York Jets ma sai da aka karɓe rediyon daga hannunsa a 2024. Sunan muƙami daban, aiki daban.

Tsohon babban koci da aka sauke

Wannan shi ne kayan da na fi yarda da shi ga ƙungiyar da ke cikin wahala, musamman idan babban kocinta mutumin tsaro ne da ba zai iya sa baki a hari ba. An kori mutum daga shugabanci ba yana nufin bai iya aikinsa na asali ba. Sau da yawa ma shugabancin ne ya raba shi da abin da ya fi ƙwarewa a kai.

Kingsbury ya yi shekara huɗu yana jagorantar Arizona, aka sallame shi bayan kakar 2022. Ana zarginsa da cewa harinsa na fara kaka da zafi ya huce kafin sanyi ya shigo. Ya yi 2023 a jami'ar USC, kusa da Caleb Williams ɗin nan dai, abin da ya sa ƙin ɗaukarsa da Chicago ta yi ya fi ba da mamaki. Washington ta ɗauke shi, ta zaɓi kwatabak Jayden Daniels a matsayi na biyu cikin matasan jami'o'i. Kingsbury bai ɗora wa yaron kundin dabaru mai kauri ba. Ya sa ana wasa da sauri ba tare da tsayawa shawara ba, ya yawaita gajerun jifa, ya bar ƙafafun Daniels su zama makami. Ƙungiyar da ta ci wasa 4 a 2023 ta ci 12 a 2024, ta kai wasan zakaran NFC, ɗaya daga ɓangarori biyu na gasar, karo na farko tun kakar 1991. Aikin tela ya yi: ya auna mai riga kafin ya sa almakashi.

Aibun wannan kaya biyu ne. Na farko, wasu tsofaffin suna zuwa da tsarin da ya ba su suna shekara goma baya, kuma ba sa jin kira. Na biyu ya shafi zaman gida: babban kocin da kujerarsa ke rawa ba ya jin daɗin ganin wanda ya taɓa zama a irin ta yana yawo a ofis. Pittsburgh ba ta da wannan fargaba lokacin da ta ɗauki Arthur Smith a 2024 bayan Atlanta ta sallame shi, domin babban kocinta Mike Tomlin ya kafu tun 2007. Ba kowace ƙungiya ce ke da irin wannan kwanciyar hankali ba.

Gwanin jami'a

Nan a yi hattara. Filin jami'a da na NFL tsawonsu ɗaya, amma layukan da ake ajiye ƙwallo a kai sun fi nisa da juna a jami'a, ƙafa 40, alhali a NFL ƙafa 18 da rabi ne. Wannan yana ba kocin jami'a fili mai faɗi a gefe guda da zai saki ɗan wasa mai gudu. Ga kuma babbar jami'a takan fi abokan karawarta ƙarfi nesa ba kusa ba a yawancin makonni. A NFL babu rago da za a huta a kansa.

Joe Brady ya girgiza duniyar wasan a jami'ar LSU a 2019 tare da Joe Burrow, Carolina ta ɗauke shi, ta sallame shi a Disambar 2021. Seattle ta gwada Ryan Grubb, shi ma daga jami'a, a 2024, kaka ɗaya aka rabu. Todd Monken da ya baro jami'ar Georgia ya je Baltimore a 2023, shekarar da Lamar Jackson ya sake zama gwarzon gasa, bai kamata a sa shi cikin wannan layi ba, domin ya riga ya tsara hari a Tampa Bay da Cleveland kafin ya koma jami'a. Idan za a saya daga jami'a, a sayi wanda ya san hanyar kasuwar NFL tun da.

Na cikin gida

Shi ne mafi araha, kuma a tsakiyar kaka kusan shi kaɗai ne zaɓi, tun da ba a koya wa mutum hamsin sabon yare cikin mako guda. Buffalo ta kori Ken Dorsey a Nuwambar 2023 ta ɗaga Brady, wanda a lokacin yake horar da kwatabak Josh Allen, ta ci shida cikin wasa bakwai da suka rage. Detroit ma daga cikin gida ta zaƙulo Ben Johnson, wanda ya fara da ƙaramin muƙami a 2019. A Pittsburgh, wasan farko bayan korar kocin hari Matt Canada a 2023 ƙungiyar ta ci yadi 421, alhali ba ta taɓa kaiwa 400 ba duk zamansa a muƙamin.

Sai dai Buffalo tana da Allen. Idan gidan duka ne ya ruɓe, ɗaga wani daga ciki sauya wa tuwo suna ne kawai. Mafi munin misali shi ne New England a 2022, da babban koci Bill Belichick ya miƙa hari ga Matt Patricia, mutumin da ya yi suna a tsaro, saboda amana da sabo. Kwatabak Mac Jones ya sauko daga jifan ci 22 zuwa 14, kuma bai sake komawa yadda yake ba a garin.

Farashin da ba a rubuta a takarda

Kuɗin koci ba ya shiga cikin iyakar albashin da gasar ta ƙayyade wa 'yan wasa, don haka mai ƙungiyar da ke tsuke aljihu a nan ba shi da uzuri. Dokoki ma sun buɗe kasuwa: tun 2020 ƙungiya ba ta da ikon hana ƙaramin kocinta zuwa hirar neman wannan muƙami a wani wuri, ko da yake tana iya riƙe wanda ya riga yake kan muƙamin. Dokar Rooney kuma ta wajabta a yi hira da masu nema daga tsirarun al'ummomi, irin su baƙaƙen fata. Mai hankali yana amfani da ita ya faɗaɗa idonsa, ba ya cika sharaɗi kawai bayan ya gama yanke shawara a zuciya.

Tsadar gaskiya ita ce wannan: idan ka dace, za a ƙwace maka shi. Tampa Bay ta rasa Dave Canales bayan kaka ɗaya, ta rasa Coen bayan kaka ɗaya. Kellen Moore ya je Philadelphia a 2024, suka lallasa Kansas City 40 da 22 a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, kwanaki kaɗan ya tafi New Orleans a matsayin babban koci. Idan kuma ba ka dace ba, kai ne za ka kora. Ko ta wace hanya kwatabak ne ke biya. Alex Smith ya yi kocin hari biyar a shekarunsa biyar na farko a San Francisco, har aka fara kiransa asara, sai daga baya da ya samu tsayayyen tsari aka ga ashe ba laifinsa ba ne kaɗai. Saboda haka a tambayi mai nema wa zai zo da shi a matsayin kocin kwatabak, kuma a sa ido a kan wannan na biyun, don watakila shi za a miƙa wa rediyo baɗi.

A wurin hira ni ba zan nemi ya nuna mini dabarunsa ba. Zan kunna masa faifan wasa uku mafi muni na ƙungiyata in ce ya faɗa mini abin da zai daina yi. Zan tambaye shi me zai kira idan mai tare gefen hagu ya ji rauni, saura yadi takwas a dama ta uku. Zan so in ji waɗanne jifa biyar ne kwatabak ɗina ya fi iyawa. Wanda ya kasa amsa wannan bai yi aikin gida ba, littafinsa ya zo sayarwa. Sannan zan kira 'yan wasan da suka yi zama a ƙarƙashinsa, ba manyan taurari ba, na benci, in ji ko yana gyara kuskure a filin atisaye ko yana kawar da kai.

Idan ƙungiya na da sabon kwatabak da babban koci mutumin tsaro, tsohon shugaba da ya taɓa rainon matashi ya fi. Idan kwatabak ɗin gogagge ne kuma gudu da ƙwallo ne ya mutu, ɗan gidan McVay ko Shanahan da ya taɓa kiran wasa da bakinsa zai yi. Idan kuwa an kori kocin hari na uku cikin shekara huɗu, matsalar ta wuce wannan kujera. Chicago ta gane haka a makare: ta sallami babban kocinta Matt Eberflus a ƙarshen Nuwambar 2024, ta gama kakar da ci 5 da faɗuwa 12, sannan a Janairun 2025 ta ba Ben Johnson babban koci gaba ɗaya, yadda babu wanda zai zo ya ɗauke shi da sunan ƙarin girma. Abin da aka fara saya masa a watan Maris ba mai kama ƙwallo ba ne. Ƙarti uku ne na tsakiyar layin gaba, Joe Thuney da Jonah Jackson da Drew Dalman, don yaron ya samu tsayawa da ƙafafunsa.